Shirye-shiryen Zaman Daji a Talabijin: Tambayoyin da 'Yan Kallo Ke Yi a Kaduna

Duk wanda ke zama a teburin mai shayi bayan sallar isha'i, ko a Tudun Wada ko a Kawo ko a Rigasa, ya san ba kullum ƙwallo ce ke haɗa musu ba. Wani dare sai ka tarar an yi cincirindo a kan waya ɗaya, ana kallon wani Bature da gemu buzu-buzu yana haƙilon kama kifi a bakin tafki, wasu na tausaya masa, wasu na cewa ai ƙarya ce tsagwaronta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa a irin wannan zama. Inda na ga ra'ayina na da amfani na faɗe shi, ban ɓoye ba.

Wai waɗanne shirye-shirye ake magana a kai?

Iri uku ne, kuma yawan gardamar da ake yi ta samo asali ne daga cakuɗa su.

Akwai na gwani guda da ke nuna dabara, irin su Man vs. Wild na Bear Grylls, wanda tashar Discovery ta nuna daga 2006 zuwa 2011, da Survivorman na Les Stroud ɗan ƙasar Kanada. Akwai na gasa da ƙuri'a, wato Survivor, wanda aka fara nuna na Amurka a 2000, an ɗauke shi a wani tsibiri na Malesiya. A can daji shimfiɗa ce kawai, ainihin wasan ƙulle-ƙulle ne da cin dunduniyar juna har a rage mutum ɗaya. Sai na uku, na juriya zalla, wanda Alone na tashar History ke kan gaba tun 2015: a watsa mutum 10 a daji, kowa shi kaɗai da kaya 10 da ya zaɓa, wanda ya fi daɗewa shi ya ci. Naked and Afraid da aka fara a 2013 ma a nan yake, sai dai nasa lamarin daban ne, za mu zo kansa.

Gaskiya ne abin da muke gani, ko shiri ne kawai?

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Amsarta ta danganta da shirin da ake kallo.

Tambaya ta farko da mai hankali zai yi wa kansa ita ce: wa ke riƙe da kyamara? Idan ka ga mutum na gangarowa daga saman dutse, an ɗauko shi ta gaba, an ɗauko shi ta baya, an kuma ɗauko shi daga sama, to ba shi kaɗai ba ne a wurin. Akwai masu ɗaukar hoto, akwai mai kula da igiya, kuma waɗannan mutanen ba iska suke ci ba. A 2007 jaridun Ingila suka bankaɗo cewa a wasu dararen da aka nuna Bear Grylls kamar ya kwana a daji, a masauki ya kwana, kuma wasu abubuwan ma'aikata ne suka shirya su kafin a ɗauka. Bayan haka tashar ta riƙa sa sanarwa a farkon shiri cewa ana taimaka masa a wasu wurare. Wannan bai sa ya zama rago ba. Tsohon soja ne, kuma ya hau dutsen Everest a 1998 yana ɗan shekara 23. Abin da yake tsalle a kansa dutse ne na gaske, abin da yake haɗiya ma tsutsa ce ta gaske. Labarin “ya ɓace shi kaɗai” shi ne shirin. Ai da aka yi da Shugaba Obama a Alaska a 2015, da Firaministan Indiya Narendra Modi a 2019, ba wanda zai ce an bar shugaban ƙasa a daji ba masu gadi.

Les Stroud kuwa shi ke ɗaukar kansa. Zai kafa kyamara, ya yi tafiyarsa har ya ɓace, sannan ya dawo ya ɗauki kyamarar. Aiki biyu kenan a kan yunwa, na tsawon mako guda. Haka 'yan takarar Alone: su ke ɗaukar kansu, ba wani ma'aikaci da ke kwana tare da su. Likitoci kan leƙo lokaci-lokaci su auna su, su karɓi hotuna, su ba da batir, su tafi. Ramar da kake gani a fuskarsu ba kwalliya ba ce.

Sai dai ko a shirin da ya fi kowanne gaskiya, akwai hannun mai tacewa. Sa'o'i dubbai ake ɗauka, a tsamo 'yan mintoci. Yinin da mutum ya yi a kwance yana kallon rufin bukka ba za a nuna maka ba. Motsin ganye da dare kuwa sai a sa masa kiɗa mai tayar da hankali, a yanke a tafi talla.

Wanne 'yan kallon nan suka fi so?

A iya zaman da nake yi, samari sun fi son Bear Grylls, don shi ba ya tsayawa. Yanzu ya faɗa kogi, an jima ya matse kashin giwa yana shan ruwan, gobe ya shige cikin gawar raƙumi. Irin gutsattsarin da ke yawo a WhatsApp da TikTok kenan, har da waɗanda aka ɗora wa muryar Hausa ta barkwanci. Manya kuwa, musamman waɗanda suka tashi a ƙauye, sun fi natsuwa da Alone.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo a Unguwar Dosa, tsohon maharbi ne da ya dawo gari wajen ɗansa. Jikansa ya miƙa masa waya, ana nuna wani yana murza itace a tafin hannu tun hantsi don ya sami wuta, hannun duk ya yi bororo. Tsohon ya kawo wayar daf da ido, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, “Yaro, itacen nan ɗanye ne. Ko shekara zai yi ba zai ga hayaƙi ba.”

Jikan ya ce, “Baba, ai ƙwararre ne, makaranta ya yi a kai.”

Tsohon ya laluba aljihun 'yar-shara ya fito da wata tsohuwar jakar fata da ba ta kai tafin hannu ba. Ƙyastu ne a ciki, da ƙanƙara, da 'yar abduga da ta yi baƙi. Bugu uku, abdugar ta kama. Ya murje ta da babban yatsa ya mayar aljihu, ya ce a ci gaba da kallo, yana son ya ga yadda mutumin zai kwana. Bai raina shi ba fa. Da aka zo inda Baturen ya gina bukka da gungume, ya cushe ramukan da gansakuka, sai tsohon ya gyaɗa kai ya ce wannan kam ya san aiki.

Me ya fi korar mutane daga gasar, namun daji?

A'a. A zangon farko na Alone, a tsibirin Bankuba na Kanada, an sami wanda ya nemi a zo a ɗauke shi tun bai cika kwana ɗaya ba saboda tsoron beyar. Amma da tafiya ta yi nisa, abubuwa biyu ke cin mutane: yunwa da kaɗaici.

Yunwar ma tana da lissafi. Mai sara itace da ɗibar ruwa cikin sanyi yana ƙona abin da ya fi ƙarfin kifi ɗaya ko zomo ɗaya a rana. Nama marar kitse kuma ba ya riƙe jiki, ko da an ci an ƙoshi. Jordan Jonas, wanda ya ci zango na 6 da kwana 77 a gefen tafkin Great Slave na Kanada, ya harbe wata ƙatuwar dabba dangin barewa wadda ta fi sa girma, amma babban tashin hankalinsa kitsen da wata dabba ta riƙa sace masa. A zango na 3 a Patagoniya ta ƙasar Ajantina, wata mata ta kai kwana 86 ba ta ce ta gaji ba, likitoci ne suka cire ta don ramar ta yi yawa, sai wanda ya rage ya ci da kwana 87. Mata 'yan kallo da na sani har yau suna jin haushin wannan.

Kaɗaicin kuwa shi ne abin da Bahaushe ya fi ganewa da sauri. Ƙato ya gina ɗaki, ya tara busasshen kifi, sai wata safiya ya zauna ya fashe da kuka don ya tuna 'yarsa, ya danna waya a zo a ɗauke shi. Wasu kan ce ragwanci ne. Ni ban ga ragwanci ba. Mu da ko rana ɗaya ba ma iya yi ba mu gaisa da mutum goma ba, wa zai yi wata biyu bai ji an ce masa “ina kwana” ba?

Nawa ake ci?

A Alone dala 500,000 ce ga wanda ya yi saura. A zango na 7 aka mayar da ita dala miliyan 1 ga duk wanda ya cika kwana 100, kuma Roland Welker ya cika. Survivor ma dala miliyan 1 ce. Da zarar an faɗi wannan a majalisa sai kowa ya zaro waya yana buga canji da naira, daga nan sai ka ji har mai ciwon ƙafa ya ce shi ma zai iya.

To, Bafulatani makiyayi ko maharbinmu zai iya cinye irin wannan gasa?

Nan ne musu ke yin zafi, kuma kowane ɓangare na da abin faɗa.

Masu cewa zai iya suna da hujja. Yaron da ya tashi a ruga ya san tafiyar yini guda a kan nono da ɗan dambu. Ya san inda ruwa ke kwanciya a ƙoramar da ta ƙafe, ya tona rairayi ya jira ya tsatso. Ya san kanya da ɗinya da magarya da aduwa da taura da gwandar daji, ya san lokacin kowanne. Ya san garin ɗorawa na kashe yunwa, ya san muruci, ya san tafasa da ake yi wa kwaɗo. Maharbi kuma na karanta sawu kamar mai karanta allo: wannan gafiya ce, wannan zomo, wannan damo ne ya ja wutsiya. Tarko da ɗana asibta ba sai an koya musu a makaranta ba. Idan aka ce gasar a dajinmu za a yi da kaka, ni kuɗina a kansu yake.

Amma ilimin daji na wuri ne. Ba a ɗaukarsa a jaka a kai wata ƙasa. Inda ake yin Alone galibi arewacin duniya ne, wuraren da tafki ke daskarewa har mutum ya taka a kai, sai an fasa ƙanƙara kafin a jefa ƙugiya. Sanyin hunturun da muke kuka da shi a watan Janairu, har a ƙi wanka, a can ranar hutu ce. Babu kuka, babu tsamiya, babu ɗorawa, kuma ciyawar da ba ka sani ba tana iya zama ajalinka. Haka su ma gwanayen nasu, a sauke su a dajinmu cikin watan Afrilu, rana na dukan tsakar ka, ba su san kububuwa na kwanciya ƙarƙashin busasshen ganye ba, za su raina kansu.

Akwai masu cewa ai mai azumi ya saba da yunwa. Ya saba da haƙuri, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin makami ba ne. Sai dai mai azumi ya san magariba na zuwa da kunu da ƙosai. Wancan bai san ranar buɗa-bakinsa ba.

Cin mushe da shan fitsari da tsiraici fa? Ya dace Musulmi ya kalla?

Ba fatawa zan bayar ba, wannan aikin malamai ne, kuma Kaduna ba ta rasa su ba. Abin da 'yan kallo ke cewa dai shi ne: an san larura na halatta abin da aka hana, Alƙur'ani ya yi rangwame ga wanda ya matsu ya ci mushe don ya tsira da rai. To amma wanda ya kai kansa daji da ƙafarsa don kuɗi, ga waya a aljihu da zai kira a zo a ɗauke shi, shi ma matsattse ne? Yawancin waɗanda na ji sun ce a'a, kuma ina ganin maganarsu na da ƙarfi.

Wasu abubuwan kuma da Turawan ke yamutsa fuska a kai mu dariya suke ba mu. A nuno mutum ya rufe ido zai ci fara kamar zai sha maɗaci, alhali a nan da yaji da mai ake sayar da ita a faranti, har layi ake yi. Haka shinge farkon damina.

Naked and Afraid shi ne wanda kusan kowa ya haɗu a kan ƙinsa. Namiji da mace da ba su san juna ba, a tuɓe su, a bar su kwana 21. Ana dusashe hoton al'aura, amma wannan bai sa ya zama abin kunnawa a falo gaban iyali ba. Ko ta fuskar dabarar ma ban ga hikimar ba: wanda ya ɓace a daji da kayansa a jiki yake ɓacewa. Tsiraicin na jan 'yan kallo ne kawai, sauro kuma ya samu.

Najeriya ba ta da irin nata?

Tana da Gulder Ultimate Search, wanda aka fara a 2004 a wani tsibiri a Legas. An kai shi tsaunukan Obudu a Kuros Riba, an kai shi duwatsun Shere kusa da Jos. Ya tsaya bayan 2014, ya dawo a 2021. Waɗanda suka girma da NTA suna tuna shi da daɗi, da ɗaurin kai da zama gaban wuta da dare. Amma shi neman taska ne da wasannin ƙarfi, ba gwajin yunwa ba, ya fi kusa da Survivor. Kuma da yake kamfanin giya ne ke ɗaukar nauyinsa, gidaje da yawa a nan ba su taɓa sakin jiki da shi ba.

Za a iya shirya irinsa a jihar Kaduna?

Wuri kam akwai. Ga duwatsun Kagoro, ga magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, ga gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari, ga kogin Kaduna kansa. Mai kyamara ba zai rasa abin ɗauka ba.

Sai dai idan aka kawo wannan tambaya a majalisa, dariya kan ragu. Kalmar “daji” a bakin mutumin Kaduna ta canja ma'ana a shekarun nan. Ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka kwashe a watan Maris na 2021, fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 waɗanda wasunsu suka yi fiye da wata 6 a hannu, yaran makarantar Kuriga a 2024, duk sun yi zaman daji, kuma ba wanda ya tambaye su kaya 10 da suke so su tafi da su. Akwai wani maƙwabcinmu da ɗan'uwansa ya dawo daga irin wannan hali. Wata rana yara na kallon Alone a tsakar gida, ya tsaya a bayansu yana kallo, har aka zo inda ɗan takara ya ciro wayar tauraron ɗan'adam ya ce ya gaji, jirgin ruwa ya zo ya ɗauke shi, aka lulluɓa masa bargo. Ya ce, “Au, haka ake yi? Kira kawai za ka yi?” Ya juya ya shige ɗaki. Uwar yaran ta ce a kashe.

Wannan wayar ita ce bambancin shirin da abin da mutanenmu suka sani. Shi ya sa za ka ga mutum na jin daɗin kallon, yana yaba wa masu yi, amma in aka ce masa jarumtaka ce ta ƙarshe sai ya yi shiru.

Dabarun da ake nunawa suna da amfani in mutum ya shiga matsala?

Wasu na da shi. Neman mafaka da ruwa kafin abinci daidai ne, don mutum na iya makonni ba ci amma 'yan kwanaki kaɗan ba sha. Tafasa ruwa ma daidai ne. Tace shi da ƙyalle na cire datti, kuma da irin wannan tacewar aka yaƙi kurkunu har aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013, amma ƙyalle ba ya tare duka ƙwayoyin kwalara da taifot.

Wasu kuwa a bar su a talabijin. Fitsari, ban da kasancewarsa najasa, gishiri ne da dattin da jiki ya fitar, ƙishirwa yake ƙarawa. Tsalle cikin kogin da ba ka san zurfinsa ba, ko kama maciji da hannu, wanda ke yi a fim yana da likita a bayan kyamara. In maciji ya sari mutum, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafar tamau da igiya. A cire zobe ko abin hannu, a hana wurin motsi, a garzaya asibitin da ke da allurar dafi. Kububuwa da kasa da gamsheƙa ba sa jiran a gama jiƙa saiwa.

An taɓa rasa rai?

An taɓa. A 2013 wani ɗan takara ya rasu a Kambodiya yayin ɗaukar irin Survivor na Faransa. A watan Maris na 2015 jirage masu saukar ungulu 2 suka yi karo a Ajantina wajen ɗaukar wani shirin Faransan, mutum 10 suka mutu, ciki har da fitattun 'yan wasa.

Waɗannan masu gina gidan ƙasa da wurin wanka a YouTube fa?

Wanda ya fara fito da salon, John Plant na Ostareliya, da hannunsa yake yi, shiru, tun 2015. Da yawa daga masu kwaikwayonsa an gano sawun motar haƙa a gefen ramukansu. In ka ga mutum biyu da sanda sun haƙa tafki mai kusurwa huɗu cif a mako guda, ka tambayi magini a unguwarku.

Da kai ne, wane kaya 10 za ka ɗauka?

A Alone jerin kaya ake ba ka ka zaɓa, ba bindiga a ciki. Yawanci sukan ɗauki gatari, zarto, wuƙa, tukunya, abin ƙyasta wuta, ƙugiya da zare, baka da kibiya, igiya, waya ta tarko, da jakar barci. Akwai kuma ɗan guzuri kaɗan ga mai so, har da wani busasshen nama da kitse mai kama da kilishi.

Da aka yi wannan lissafin a teburin mai shayinmu, an yi ittifaƙi a kan adda, tukunya, ƙyastu da gidan sauro. Wani ya ce buta, ba wanda ya musa. Wani ya ce goro, aka ce ba ya cikin jeri, ya ce to shi ya fasa zuwa. Mai shayin na juya ƙwai yana saurare, sai da aka gama ya ce shi rediyo zai ɗauka da batir, in ya so sauran tara a raba wa mabukata.